Alƙalan Kotun Lahai Da Shari'ar Sudan: Me Ya Sa Ikonsu Bai Iso Damazin Ba?

A ranar 6 ga watan Oktoba na shekarar 2025, wasu alƙalai mata su uku suka zauna a birnin Lahai na ƙasar Holan, wanda Turawa ke kira Hague, suka yanke hukuncin da mutanen Darfur suka yi shekara ashirin da ɗoriya suna jira. Sun samu Ali Muhammad Ali Abdurrahman, wanda aka fi sani da Ali Kushayb, ɗaya daga cikin jagororin Janjawid, da laifuka 27 na yaƙi da na cin zarafin bil'adama da aka aikata a garuruwan Kodum da Bindisi da Mukjar da Deleij tsakanin 2003 da 2004. A watan Disamba na wannan shekarar suka yanke masa ɗaurin shekara 20. Wannan shi ne karo na farko da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC, ta kama wani da laifi a kan abin da ya faru a Sudan.

Labarin ya ƙara taso da wata tambaya da ta daɗe a zukatan mutanen Jihar Nilul Azraƙ da Jazira da Sinnar, musamman waɗanda suka binne 'yan'uwansu a 'yan shekarun nan: su wane ne waɗannan alƙalai, wa ya naɗa su, kuma me ya sa suke sauraron kukan Mukjar amma ba su taɓa sauraron na Rusairis ko Wad al-Mahi ba? Wasu na cewa ai kotu ce ta Turawa da aka kafa domin farautar baƙar fata. Wanda ya bi jerin alƙalan da suka riƙe shari'ar Sudan tun daga 2005 zai ga amsar ta fi haka wuya, kuma zai gane inda gizo ke saƙar.

Yadda ake hawa kujerar

An kafa kotun ne da Yarjejeniyar Roma ta 17 ga Yuli 1998, ta kuma fara aiki a ranar 1 ga Yuli 2002. Alƙalanta 18 ne, kuma an rantsar da sahun farko a ranar 11 ga Maris 2003. Wakilan ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar su ne ke zaɓensu ta hanyar ƙuri'ar sirri, kuma sai ɗan takara ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa kafin ya ci. Wa'adin alƙali shekara tara ne, ba a kuma sabunta shi. An yi haka ne da gangan, don kada alƙali ya riƙa yanke hukunci yana waiwayen masu zaɓe. Duk bayan shekara uku, alƙalai shida na sauka, shida su hau.

Akwai hanyoyi biyu na cancanta. Ko dai mutum ya ƙware a shari'ar manyan laifuka, a matsayin alƙali ko mai gabatar da ƙara ko lauya, ko kuma ya zama masanin dokokin ƙasa da ƙasa, kamar dokokin yaƙi da na haƙƙin ɗan Adam. Ba a yarda a samu alƙalai biyu daga ƙasa ɗaya ba, kuma dole ne a lura da rabon nahiyoyi da kuma daidaito tsakanin maza da mata. Aikinsu ya kasu gida uku: zauren share fage, wanda ke bayar da sammaci ya kuma tantance tuhuma, da zauren shari'a mai sauraron shaidu, da kuma zauren ɗaukaka ƙara mai alƙalai biyar.

Sai kuma wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye: ɗan ƙasar da ta shiga yarjejeniyar ne kaɗai zai iya zama alƙali. Sudan ta sanya hannu a kanta a shekarar 2000 amma ba ta tabbatar da ita ba. Saboda haka babu ɗan Sudan ko ɗaya da ya taɓa zama a kan wannan kujera, duk da cewa ƙasar tana da manyan masana shari'a. Nijeriya kuwa ta shiga a 2001, Nijar ta biyo baya a 2002.

Zaɓen ma ba ya rasa siyasa, domin ƙasashe na yin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da ƙuri'unsu. A 2020 Nijeriya ta tsayar da Mai Shari'a Ishaq Usman Bello, Babban Jojin Babban Birnin Tarayya Abuja a lokacin, wanda ya yi karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma bai samu ƙuri'un da ake buƙata ba.

Shugabanni shida, nahiyoyi daban-daban

Alƙalan ne ke zaɓar shugaba a tsakaninsu na tsawon shekara uku. Philippe Kirsch na Kanada, wanda ya jagoranci babban kwamitin taron Roma, shi ya fara riƙewa daga 2003 zuwa 2009. Song Sang-hyun na Koriya ta Kudu ya gaje shi har zuwa 2015, sannan Silvia Fernandez de Gurmendi ta Ajantina, mace ta farko a wannan matsayi, har zuwa 2018. Daga nan sai Chile Eboe-Osuji, ɗan Nijeriya, daga 2018 zuwa 2021, sai Piotr Hofmanski na Poland zuwa 2024, lokacin da aka zaɓi Tomoko Akane ta Japan.

A sahun farko na 2003, Afirka ta samu kujeru uku, kuma abin sha'awa dukkansu mata ne suka hau. Akwai Akua Kuenyehia, tsohuwar shugabar Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ghana, wadda aka naɗa mataimakiyar shugaba ta ɗaya. Akwai Fatoumata Dembele Diarra ta Mali. Ta ukun ita ce Navanethem Pillay ta Afirka ta Kudu, wadda ta shugabanci kotun da ta yi shari'ar kisan ƙare dangi na Ruwanda, ta kuma sauka a 2008 domin zama Kwamishinar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayansu an yi Daniel Nsereko na Uganda, da Joyce Aluoch ta Kenya, da Sanji Monageng ta Botswana, da Antoine Mindua na Kwango, da Solomy Bossa ta Uganda, da Reine Alapini-Gansou ta Jamhuriyar Benin, da Miatta Samba ta Saliyo, da Haykel Ben Mahfoudh na Tunisiya.

Wa ya sa hannu a sammacin Bashir?

Idan mai karatu bai manta ba, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa batun Darfur ga kotun a ranar 31 ga Maris 2005, da ƙuduri mai lamba 1593, bayan rahoton kwamitin bincike na Antonio Cassese. Ƙasashe 11 suka goyi baya, huɗu suka ƙi kaɗa ƙuri'a: Amurka da Sin da Aljeriya da Brazil.

Sammaci na farko ya fito a watan Afrilu 2007 a kan Ahmad Harun da Ali Kushayb, daga zauren da Akua Kuenyehia ke shugabanta. Ita ce kuma ta shugabanci zaman da ya bayar da sammacin kama Shugaba Umar al-Bashir a ranar 4 ga Maris 2009, tare da Sylvia Steiner ta Brazil da Anita Usacka ta Latbiya. Wannan ne karo na farko da kotun ta nemi shugaban ƙasa mai ci. To amma abin da mutane da yawa suka manta shi ne, alƙalan ba su ba mai gabatar da ƙara, Luis Moreno Ocampo, duk abin da ya nema ba. Kuenyehia da Steiner sun ƙi amincewa da tuhumar kisan ƙare dangi, suka ce hujjar ba ta isa ba, Usacka ce kaɗai ta saɓa musu. Sai da zauren ɗaukaka ƙara ya ce a watan Fabrairu 2010 sun tsaurara ma'aunin hujja fiye da abin da ake buƙata a matakin sammaci, sannan aka sake duba batun. A ranar 12 ga Yuli 2010 aka fitar da sammaci na biyu mai ɗauke da tuhuma uku ta kisan ƙare dangi, kuma a wannan karon Steiner ce da Sanji Monageng ta Botswana da Cuno Tarfusser na Italiya suka sa hannu.

Waɗannan alƙalai uku su ne kuma suka sallami Bahar Idris Abu Garda, ɗaya daga cikin jagororin 'yan tawayen Darfur, a ranar 8 ga Fabrairu 2010. An tuhume shi da hannu a harin Haskanita na 29 ga Satumba 2007, inda aka kashe sojojin kiyaye zaman lafiya 12 na Tarayyar Afirka, akasarinsu 'yan Nijeriya. Alƙalan suka ce babu isasshiyar shaidar da ta ɗaura shi da harin, don haka ba za a kai shi gaban shari'a ba. Mutumin ya koma gida, daga baya ma ya zama Ministan Lafiya a gwamnatin Bashir.

Sammacin 2009 ya tayar da ƙura. Gwamnatin Khartum ta kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, kuma a taronta na Sirte a watan Yuli na wannan shekarar Tarayyar Afirka ta yanke shawarar ba za ta taimaka a kama shi ba. Bashir ya ci gaba da tafiye-tafiyensa. Ya je Abuja a Yulin 2013, ya je Afirka ta Kudu a Yunin 2015, ya kuma halarci taron Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Jordan a watan Maris 2017. Duk waɗannan ƙasashe uku suna cikin yarjejeniyar, kuma babu wadda ta kama shi. Hujjar da aka fi kafawa ita ce shugaban ƙasa yana da rigar kariya.

Ɗan Nijeriya ne ya raba wannan gardama. A ranar 6 ga Mayu 2019, ƙasa da wata guda bayan hamɓarar da Bashir, zauren ɗaukaka ƙara a ƙarƙashin Eboe-Osuji ya yanke cewa rigar kariyar shugaban ƙasa ba ta aiki a gaban kotun duniya irin wannan, kuma Jordan ta gaza sauke nauyin da ke kanta. Amma da rinjayen uku cikin biyar sun soke matakin kai ƙarar Jordan gaban Kwamitin Sulhu. Solomy Bossa ta Uganda da Luz Ibanez ta Peru suka saɓa a kan wannan gaɓa. Shi wannan Eboe-Osuji shi ne ya shugabanci zaman da ya rufe shari'ar William Ruto na Kenya a 2016, kuma shi ya karanta hukuncin da ya tabbatar da wanke Laurent Gbagbo na Kwaddibuwa a watan Maris 2021.

A shari'ar Kushayb kuwa, bayan ya miƙa kansa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Yunin 2020, zauren da ya tabbatar da tuhumar a Yulin 2021 ya haɗa Rosario Aitala na Italiya da Mindua na Kwango da Akane ta Japan. An fara shari'ar a ranar 5 ga Afrilu 2022 a gaban Joanna Korner ta Birtaniya, wadda ta shugabanci zaman, da Althea Alexis-Windsor ta ƙasar Trinidad da Tobago, da Alapini-Gansou, wadda ta taɓa shugabantar Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka. Babbar kariyar wanda ake tuhuma ita ce ba shi ne Ali Kushayb ba, an yi kuskuren mutum ne. Alƙalan uku baki ɗaya suka yi watsi da wannan da'awa.

Wanda ya duba wannan jeri zai ga hannun Ghana da Botswana da Nijeriya da Uganda da Kwango da Benin a cikin manyan hukunce-hukuncen Sudan. Zai kuma ga cewa alƙalan sun ƙi biye wa mai gabatar da ƙara fiye da sau ɗaya, sun kuma saɓa wa juna a fili. Ba su tsira daga fushin manya ba. Rasha ta sanya Akane cikin waɗanda take nema a 2023 saboda sammacin Shugaba Putin, kuma a Yunin 2025 Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a kan alƙalai huɗu, ciki har da Bossa da Alapini-Gansou, saboda binciken Afganistan da sammacin da aka bayar kan shugabannin Isra'ila. Wannan bai wanke kotun daga suka ba, domin gaskiya ne cewa duk waɗanda ta ɗaure a shekarunta ashirin na farko 'yan Afirka ne, gaskiya ne kuma cewa tafiyarta ta hawainiya ce. Wannan ƙorafi na cikin dalilan da Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayar sa'ilin da suka sanar da ficewarsu a watan Satumba 2025.

Iyakar da aka shata a New York

Yanzu sai mu dawo gida. Hausawa ba baƙi ba ne a bakin wannan kogi. Tun kafin zuwan jirgin sama, alhazai daga Kano da Sakkwato da Katsina ke ratsowa ta nan a ƙasa, wasu su yada zango su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Jikokin waɗannan bayin Allah da na waɗanda suka biyo bayansu su ne ke noma da su a Jazira da Sinnar da Rusairis da Damazin.

Wannan yanki ya ga tashin hankali iri-iri. A farkon Satumba 2011 yaƙi ya ɓarke a cikin Damazin tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan SPLM ta Arewa, aka tsige Gwamna Malik Agar, dubban mutane suka tsere zuwa Habasha da Sudan ta Kudu. A watan Yuli 2022 rikici kan filaye da sarauta ya tashi tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, aka kashe fiye da mutum 100, har Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Port Sudan. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sake kashe fiye da mutum 200 a yankin Wad al-Mahi, kuma kowane ɓangare ya yi asarar rayuka da gidaje. Bayan yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF, wato Da'am Sari, ga kisan Wad an-Nura a Yunin 2024, ga hare-haren gabashin Jazira a Oktoban 2024, ga kuma farmakin da aka kai wa mazauna kanabi, wato unguwannin ma'aikatan gona, bayan da soja suka ƙwace Wad Madani a Janairun 2025.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke gaban alƙalan Lahai, kuma ba don sun toshe kunne ba ne. Ƙuduri na 1593 ya ambaci halin da ake ciki a Darfur ne kawai, tun daga 1 ga Yuli 2002. Tunda Sudan ba ta cikin yarjejeniyar, ikon kotun a ƙasar ya tsaya daidai inda wannan ƙuduri ya tsaya. Shi ya sa ofishin mai gabatar da ƙara ya buɗe bincike kan abin da aka yi a Jinaina a 2023, amma ba shi da hurumin buɗe irinsa kan Jazira. Alal misali, Ahmad Harun yana Gwamnan Kurdufan ta Kudu lokacin da yaƙi ya ɓarke can a 2011, amma sammacin da ke kansa na Darfur ne kaɗai. Ita kuwa kotun ba a kafa ta don kowane rikici ba. Hatta inda take da hurumi, sai abin ya kai matsayin laifin yaƙi, ko cin zarafin bil'adama da aka shirya aka kuma faɗaɗa, ko kisan ƙare dangi, sannan sai kotunan ƙasa sun gaza ko sun ƙi yin aikinsu.

Kada kuma a rikita ta da ɗaya kotun da ke Lahai, wato Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai alƙalai 15, wadda ke shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, irin shari'ar Bakassi da ta yanke a 2002. Ita ba ta ɗaure mutum. A gabanta ne Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a watan Maris 2025, kuma a ranar 5 ga Mayu ta kori ƙarar bisa dalilin rashin hurumi, ba tare da ta shiga cikin zargin ba. A nan ma hurumi ne ya rufe ƙofa.

Hanyoyi uku da suka rage

Hanya ta farko ita ce Kwamitin Sulhu ya faɗaɗa ƙudurinsa ya game Sudan baki ɗaya. Wannan shi ne abin da kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayar da shawara a watan Satumba 2024, kwamitin da tsohon Alƙalin Alƙalan Tanzaniya Mohamed Chande Othman ya jagoranta, tare da Farfesa Joy Ezeilo ta Nijeriya da Mona Rishmawi. Cikas ɗin shi ne ƙasa ɗaya daga cikin biyar masu kujerar din-din-din ta isa ta hau kujerar na-ƙi.

Ta biyu ita ce Sudan ta shiga yarjejeniyar. Majalisar ministocin Abdallah Hamdok ta amince da daftarin yin haka a watan Agusta 2021, amma juyin mulkin 25 ga Oktoba ya zo kafin a kammala. Ta uku ita ce gwamnati ta rubuta takardar amincewa da hurumin kotun a kan wani lokaci na musamman ba tare da ta zama mamba ba, kamar yadda Kwaddibuwa ta yi a 2003, Yukren ta yi a 2014. Wannan ta ƙarshe ma ta fi dacewa da abin da ya riga ya wuce, domin shiga yarjejeniya ba ta waiwayen laifin da aka aikata kafin shigar.

Duk hanyoyin uku a hannun 'yan siyasa suke, babu wadda ke hannun alƙali. Saboda haka mai neman haƙƙin jinin ɗan'uwansa a Nilul Azraƙ ya kamata ya san inda zai kai kukansa: ga hukumomin ƙasarsa da su gurfanar da masu laifi a kotunan cikin gida, ga wakilansa da su matsa a buɗe ɗaya daga cikin waɗancan ƙofofi. Akwai kuma aikin da ba ya jiran izinin kowa. Mutanen Mukjar da Deleij sun kai ga hukunci bayan shekara 21 ne saboda an samu waɗanda suka riƙe sunayen mamata da ranaku da wurare, suka kuma yi ƙarfin halin tsayawa su bayar da shaida. Limamai da masu unguwanni da malaman makaranta na garuruwanmu za su iya rubuta irin wannan tun yanzu, a kan kowane mamaci ko daga wace ƙabila ya fito, tun kafin tsofaffi su shuɗe, yara su manta.

A watan Maris 2027 wa'adin alƙalai shida zai cika, ciki har da Akane da Bossa da Alapini-Gansou, wasu kuma su hau. Ko waɗanda za su gaje su za su taɓa jin sunan Wad al-Mahi a zaurensu, wannan ya danganta ne da abin da za a yanke a Khartum da New York. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasar nan zaman lafiya mai ɗorewa, amin.